Baffa da Damin Rakiya

Mutanen da suka zo mana gaisuwar Baffa iri biyu ne, kuma ni da nake ta kai da kawo da buta da tabarma na ga kowanne da idona. Akwai waɗanda tun daga bakin layi suke kuka. Akwai kuma waɗanda suka zauna, suka yi addu'a, suka shafa, da suka fita ƙofar gida sai suka sassauta murya suna cewa, "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma fa taurin kansa ne ya kai mu inda muke." Na ji su sarai. Katangar gidanmu ba ta da tsawo, ni kuma kunnena lafiyarsa ƙalau.

Baffa yayan mahaifina ne. 'Yan bindiga suka harbe shi a gona a farkon daminar nan, a ƙauyenmu da ke yankin Kakangi, dab da bakin daji. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A gidan aurena, nan cikin Birnin Gwari, aka yi zaman makoki, don nan dangina suke cunkushe tun da aka tashe su daga ƙauye.

Wata tsohuwa 'yar ƙauyenmu, wadda rabin garin a hannunta aka haife su, ta riƙe ni tana hawaye ta ce, "'Yar nan, har ya mutu ban yafe masa atamfar nan ba. Yau dai na yafe." Sai dariya ta ƙwace mata cikin kukan, matan ɗakin ma suka taya ta, don kowa ya san atamfar da take nufi. Zan zo kan maganarta.

Amininsa, wani dattijo Kirista daga unguwar Gbagyi ta ƙauyenmu, shi ne suke tare a gonar ranar da abin ya faru. Bai shigo ciki ba. Dutse ya samu a ƙofar gida ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Aka kai masa kunu ya ce ya ƙoshi. Duk wanda ya yi masa gaisuwa amsarsa ɗaya ce: "Na girme shi fa. Ni ya kamata."

Matar Baffa, da muke kira Inna, ba ta yi kururuwa ba. Da liman ya leƙo yi wa mata gaisuwa ta ce, "Malam, wanda aka kashe da fartanya a hannu, ya yi shahada?" Ya ce insha Allahu. Ta ce, "To." Sai ta nemi a miƙo mata buta.

Onarabul ma ya zo washegari, da jerin motoci da masu ɗaukar hoto. Ɗan gwaggona ne, taubashina, kuma Baffa ne ya raine shi. Shi ke wakiltarmu a majalisa. Ya yi kuka, kuma kukan gaskiya ya yi, wannan ba zan ɗauki alhakinsa ba. Amma da ya shigo gaida Inna na juya masa baya na ci gaba da wanke-wankena.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne masu maganar ƙofar gida. Ina tsoron nan da 'yan shekaru abin da za a tuna na Baffa ke nan, wani tsoho mai taurin kai da ya hana mutane cin rabonsu. Taurin kai kam yana da shi. Amma a ji yadda aka yi tukuna.

Baffa ba mai unguwa ba ne, ba liman ba ne, bai taɓa riƙe sarauta ba. Manomi ne mai dogon wuya da ƙatuwar murya. Sai dai in rigima ta tashi a kan iyakar gona, ko shanu sun shiga wa wani dawa, gidansa ake fara zuwa, don ya san wace bishiya kakan wane ya dasa. Ba ya cinye goro. Rabi yake ci ya soke rabin a naɗin hularsa, duk wanda ya fara gaishe shi da safe shi ke da shi. Mu yara muka gane, muka riƙa rige-rigen gaisuwa muna kai wa iyayenmu mata. Ya san abin da muke yi, bai taɓa nunawa ba.

Faɗa kuwa, kada wani ya ce muku ba shi da shi. Abin da ya fi tsana a duniya kyautar da bai san dalilinta ba. In ka miƙo masa abu, kafin ya sa hannu sai ya kafe ka da ido ya ce, "Me zan yi maka?" In ka ce babu komai, sai ya ce, "To riƙe kayanka sai ka tuna." Mu da muke gidansa mun sha jin wannan magana har ta gundure mu: "In ka karɓi abin mutum, gobe da wane baki za ka tambaye shi?"

Amma shi wajen bayarwa dabara gare shi. Shekarar da gobara ta cinye rumbun amininsa, tun hayaƙi bai kwanta ba Baffa ya ɗauko dami a ka ya dire a ƙofarsa. Aminin ya fara cewa haba, haba. Baffa ya daka masa tsawa da Gbagyi, don yana jin yaren kamar a can aka haife shi, ya ce wannan ba kyauta ba ce, dawar babanka ce da ya taɓa ba babana shekarar da fara ta cinye gonaki. Ƙarya ce. Mahaifina ya ce babu wata dawa da aka taɓa ba su. Don kada mutumin ya ji kunya ne kawai.

Haka kuma da gwaggo ta rasu ta bar yaro ƙarami, Onarabul ɗin nan na yanzu, dangin uban suna ta kallon juna, Baffa ya je ya saɓo shi a wuya ya kawo gida. Kwano ɗaya suke ci. Ni da yaron nan mun yi dambe ya fi a ƙirga, ina ce masa ɗan mace mai cinye mana tuwo, yana ce mini baƙar fitina. Da lokacin karatunsa na gaba ya zo, sansa na noma Baffa ya sayar ya tura shi Zariya, shekarar nan da hannu ya yi huɗa.

A ƙauyenmu akwai wata al'ada da muke kira damin rakiya. In ɗan gari zai tafi wani babban nema, aikin hajji ko karatu mai nisa ko fatauci, kowane gida sai ya kawo damin dawa ya ajiye a ƙofarsa, ya sayar ya yi guzuri, ya bar wa iyali saura. Ba rance ba ne, ba a biya. Amma ranar da ya dawo, dole a shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiyar tsakiyar gari, ya zauna a ƙasa, duk wanda ya ba da dami ya tambaye shi abin da ya ga dama. Ina ka je? Me ka yi? Me ka zo da shi? Ko tsohuwa ce mai dami ɗan ƙanƙane, ba ya tashi sai ta ce ta gamsu. Na taɓa ganin wani alhaji yana gumi a tabarmar nan saboda an ji labarin a Kano ya tsaya ya kashe rabin guzurin.

To da taubashina ya fito takara, ya zo ƙauye da mota shaƙe da atamfa da taliya da sabulu, kamar yadda kowane ɗan takara ke yi. Tun a bakin gari yaransa suka fara rabo. Baffa yana gona aka kai masa labari. Wallahi ko ƙafa bai wanke ba. Ya zo ya tsaya gaban motar ya ce a mayar da komai. Tsohuwar nan da na ambata ta riga ta karɓi tata, har ta yafa tana gwadawa. Ya ce ta cire. Ta ce ba za ta cire ba, rabonta da sabon zane tun bikin autarta. Ya ce, "Cire, in ya zama gwamna ke za ki tsare shi da tambaya." Ta cire ta wurga masa a fuska, ta tafi tana zaginsa har gida.

Sannan ya juya ga yaron ya ce, "Mu ba ma sayar da kanmu ga ɗanmu. Mu za mu ba ka." Ya sa aka yi shelar damin rakiya. Abin da idona ya gani ranar ba zan manta ba. Musulmi da Kirista, gida-gida, mata da dami a ka, na unguwar Gbagyi da nasu a kafaɗa, har tsohuwar atamfa ta aiko da nata tana ƙunƙuni. Dawa ta taru a ƙofar gidan Baffa har ta kusa kai indararo. Taubashina ya durƙusa yana kuka, ya yi alkawari duk kaka zai zo ya zauna a tabarma. Baffa ya ce wa jama'a, "Kun gani? Yanzu namu ne. Sauran garuruwa an biya su an sallame su. Mu kuwa muna da bakin magana."

A nan suka ɓata da mahaifina. Da mutane suka watse, Baba ya same shi a zaure, ni ina tsakar gida ina jin su. Ya ce, "Yaya, ina da tambaya. Yaron nan ko akuya ba shi da ita. Wa ya saya masa atamfa mota guda?"

Baffa ya ce, "Ina ruwana? Na dai mayar."

Baba ya ce, "Ka mayar da atamfa, ba ka mayar da mai ita ba. Wanda ya cika motar nan shi ne kawunsa yanzu, ba kai ba. Da ka bar talakawa sun ci ɗan abin da za su ci, don shi ke nan rabonsu."

Baffa ya ce, "Kai tun kana yaro cikinka ke yi maka tunani."

Kai, maganar nan ta yi wa Baba zafi. Kashegari ya kafa zana a tsakiyar gida ya raba. Damina guda ba su yi wa juna magana ba, sai dai a masallaci kafaɗa ta taɓa kafaɗa. In na je ƙauye sai in gaida wannan in zagaya in gaida wancan, kowa yana tambayata ko ɗayan yana cin abinci.

Mai atamfar kuwa ba ɓoyayye ba ne. Wani alhaji ne, ba ɗan ƙasarmu ba, mai ramukan haƙar zinari a can gefen daji. Ba kasafai ake ganinsa ba, sai dai motocinsa. Kuma kowa ya lura cewa ko ranar da 'yan bindiga suka tare hanya ba mai wucewa, motocinsa na shiga suna fita lafiya lau. Dalili kuwa, kowa ya bar wa cikinsa.

Yaro ya ci zaɓe, ya zama Onarabul. Kakar farko ya zo, ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma da babbar rigarsa, aka yi ta yi masa tambaya yana amsawa. Ranar Baffa bai taka ƙasa ba don murna, har goro guda ya ba Baba ta saman zana, da haka suka shirya. Kaka ta biyu Onarabul ya aiko wani yaronsa da buhunan shinkafa da gaisuwa. Baffa ya ce, "Shinkafa muka aika majalisa?" Ya sa aka mayar. Daga nan tabarma ba ta sake ganinsa ba.

Cikin shekarun nan ne daji ya rufto mana. Da shanu aka fara. Sai aka koma sa wa gari haraji kafin a yi shuka, a sake sawa kafin girbi. Sai aka fara ɗaukar mutane a gona. Ranar da suka shigo da rana tsaka suka ƙone rumbuna, aka kwashi abin da za a iya ɗauka aka nufo Birnin Gwari a ƙafa. Baffa shi ne na ƙarshen fita, kuma abin da ya ɗauko zangarnun dawar iri ne a buhu, da rediyonsa. Mutumin da ya ciyar da gari ya dawo yana kwana a zauren mijina. Da safe sai ya zauna a bakin ƙofa yana kallon masu babur, hannuwansa a kan gwiwa ba abin yi. Ni wannan zama nasa ya fi komai ci mini rai.

Sai labari ya zo cewa za a kafa sansanin jami'an tsaro a yankinmu. Guda ɗaya tak, kuma wuri biyu ake magana. Ko dai a mararrabar ƙauyenmu, inda zai tsare gonakin garuruwan da ke kewaye mutane su koma noma, ko kuma a hanyar ramukan zinari. Wakilan yankin ne za su tsayar da magana a majalisa, kuma namu yana cikin masu faɗa a ji. Komawarmu gida duka a kan wannan ta rataya.

Baffa ya miƙe kamar an zuba masa sabon jini. Ya bi 'yan ƙauyenmu duk inda suka raɓe, a makaranta, a kango, a gidajen dangi, yana cewa, "Kada wanda ya sayar da garmarsa. Kada wanda ya cinye irinsa. Ɗanmu yana ciki, ya ci daminmu. Daminar bana a gida za mu yi ta." Wasu sun sami gonar aro a wajen Saminaka, ya ce su bari, me za su yi da gonar wani ga tasu. Suka bari. Wannan ita ce maganar da ake yi a ƙofar gida, kuma ba ƙarya suke yi ba. Ya ce su jira, suka jira.

Wata safiya yana tsakar gidana yana shan koko, rediyo a kusa da ƙafarsa, aka sako labarin majalisa. Sai ga muryar taubashina. Muryar da na sani tun tana kukan tuwo. Yana cewa ya goyi bayan a kafa sansanin a hanyar ramuka, domin nan ne tattalin arzikin yankin yake, kuma matasa da dama suna cin abinci a wurin. Ya ce manoma su ƙara haƙuri, ana nan ana duba lamarinsu. Aka ce da rinjayen hannu kaɗan maganar ta wuce, kuma nasa na ciki.

Baffa ya ajiye ludayi. Ya ce, "'Yar nan, wannan waye?" Na ce, "Baffa, ka san ko waye." Ya ce, "A'a, rediyo na canja murya." Ya ɗauka ya jijjiga shi, ya kara a kunne, an riga an wuce kan labarin wasanni. Kokon nan a nan ya huce.

Ya ce sai ya je Kaduna. Aka yi aka yi ya ƙi, hanyar ma kowa ya san yadda take. Ni na raka shi, don na ɗan san gari, kuma a matsayina na taubashiya babu abin da ba zan iya faɗa wa Onarabul ba. Muka bi ayarin motoci muna ta addu'a har muka isa. A ƙofar gidan masu gadi suka bar mu a rana tare da masu neman taimako, sai da na ɗaga murya na ce a gaya masa baƙar fitina ce ta zo da kawunsa. Ya fito da gudu ba takalmi, ya zube a gaban Baffa.

A falo aka nuna wa Baffa kujera. Ya ƙi. Ya cire mayafinsa ya shimfiɗa a ƙasa ya ce, "Zauna nan. Ka ƙi zuwa tabarma, na kawo maka ita." Onarabul ya zauna. Baffa ya tsaya a kansa ya ce, "Na ba da dami. Ina tambaya. Muryarka ce na ji?"

Ya ce, "Tawa ce, Kawu."

"Me ya sa?"

Na zaci zai yi mana turancin 'yan siyasa. Bai yi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, dawarku yaran kamfen sun cinye ta tun ba a je ko'ina ba. Takardar tsayawa takara, alhajin ramukan nan ne ya saya. Wakilan jam'iyya da suka tsayar da ni, shi ya sallame su. Motoci, mai, masu tsaron akwati, lauyoyin da suka kare kujerar a kotu, duka shi. Gidan nan da kake tsaye nasa ne. Ranar da za a ɗaga hannu ya kira ni da safe. Wallahi bai ce mini komai ba, lafiyar yara kawai ya tambaya. Na gane."

Baffa ya ce, "Mu fa da muka jefa maka ƙuri'a?"

Ya ce, "Ƙuri'a rana ɗaya ce, Kawu. Shi kullum ne. In na juya masa baya, zaɓe mai zuwa wani zai tsayar, wanda ko sunan ƙauyenmu bai sani ba. Gara ni, ko ba komai ina ɗan taɓukawa."

Nan na kasa haƙuri. Na ce, "Taɓuka me? Uban me ka taɓuka? An ɗaure ka a turke kamar ragon layya kana cewa gara kai! Inna tana kwana a ɗakin girkina, kai kana nan kana shan sanyi. Tir da wannan karatu, da san noman nan aka bari ya fi amfani." Ya ƙara sunkuyar da kai. Da ya rama ma da na fi jin daɗi.

Baffa ya ƙura wa Onarabul ido. Can ya ce, "Da aka ce a ɗaga hannu, wanne ka ɗaga?"

Ya ce, "Na dama."

Baffa ya dubi hannun, ya ce, "Da shi muke cin tuwo." Ya sunkuya ya ja mayafinsa, dole Onarabul ya tashi daga kai. Ya biyo mu har waje yana roƙo, wai zai kama wa Baffa gida a Kaduna, ya tura masa ambulan a aljihu. Baffa ya zaro ya ajiye masa a kan mota. Ni kam raina ya so a karɓa, don na san abin da na baro a tukunya, amma wa ya isa ya yi magana.

Da muka dawo, bai shiga ciki ba sai da ya nemi mahaifina. A gaban mutane ya ce, "Kai ka yi gaskiya. Ni na yi wauta, na kuma ja mutane cikinta." Baba ya fashe da kuka kamar yaro, yana cewa, "Yaya, wallahi da ma ni ne na yi ƙarya." Tun da nake ban taɓa jin Baffa ya ce ya yi kuskure ba sai ranar, kuma ban ji daɗin ji ba ko kaɗan.

Daga nan ya daina faɗa. Goro ma ya daina sokewa a hula. Aka kafa sansani a hanyar ramuka, da tuta da buhunan yashi. Gonakin aro na Saminaka an riga an ba wasu. In Baffa ya fita, mutanen da ya ce su jira suna gaishe shi da ladabi, sai dai ba sa tsayawa hira. Wasu sun fara dafa irinsu. Matasanmu kuwa da yawa suka tafi ramukan alhajin haƙa, don nan ne kaɗai ake shiga a fito.

Da ruwan shuka ya sauka, ƙanshin ƙasa ya cika gari, Baffa ya kwance buhun irinsa ya fara sussuka. Inna ta ce, "Malam, ina za ka?" Ya ce gida. Baba ya riƙe masa riga. Baffa ya ce, "Sake ni. Ni na ce su jira. Akwai gwauraye da tsofaffi da ba su da ko kwano ɗaya na bana saboda bakina. In na shuka musu, ko rabi aka samu, an samu." Na ce, "Baffa, kashe ka za su yi." Ya ce, "Tsoho da fartanya, me za su ci a jikina?" Amininsa ya ji labari ya zo da tasa fartanyar, ya ce ba zai bar wannan mahaukaci ya tafi shi kaɗai ba. Mai babur ya kai su rabin hanya, suka ƙarasa a ƙafa.

Sauran daga bakin aminin na ji. Ya ce sun tarar da gari ciyawa ta cinye, suka gyara ɗaki ɗaya suka raɓe. Ba gonarsa Baffa ya fara shukawa ba, ta tsohuwar atamfa ya fara. Suka gama suka shiga ta wata mai marayu. Suna cikinta da hantsi sai ga babura. Yara ne, in ji shi, wasu ba su kai jikokinsu ba. Suka ce wa ya ba ku izinin shuka, kun biya? Baffa ya ce shi bai san wanda zai biya don ya shuka ƙasar ubansa ba. Aminin ya ce ya taka masa ƙafa don ya yi shiru, bai yi ba. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga bindiga ya harbe Baffa. Shi aminin kuma suka farfasa masa jiki da gindin bindiga suka ce ya je ya faɗa wa sauran. Daga gonar nan zuwa sansanin, in aka yi harbi ana ji. Babu wanda ya zo.

Allah ya jiƙan Baffa, ya sa ƙasar da ya mutu yana shukawa ta yi masa shaida. Ya ba Inna haƙuri, ya mayar da mu gidajenmu.

Aminin ya ja buhu ya rufe gawar Baffa, ya rarrafo har inda ya sami mai babur, ya iso mana bayan azahar jina-jina. Sai maganar ɗauko gawa. Masu babur suka ce ko nawa za a ba su ba za su shiga ba. Matasa suka tashi za su tafi a ƙafa, dattawa suka hana, kada a yi gawa goma a kan ɗaya. Aka je wajen hukuma aka ce sai an sami umarni. Rana tana ta yi, Baffa yana kwance a kunyar gona, Inna tana zaune da likkafani a cinya. Baba ya rasa yadda zai yi, ya ɗauki waya ya kira Onarabul. Onarabul ya ce a ba shi ɗan lokaci, zai kira wanda zai iya.

Gab da magariba wata babbar mota ta shigo layinmu ta tsaya a ƙofar gida. Kowa ya santa, ta ramuka ce. Na manta da mayafi na fito cikin maza. Baffa yana baya, an kwantar da shi a kan buhunan ƙasar zinari, jar ƙasa ta ɓata masa gemu da riga. Maza suka hau suka sauko da shi a hankali. Direban ya zagayo da waya a hannu ya ce wane ne mai gawa, Alhaji yana kan layi.

Baba ya karɓa da hannu biyu. Ina kallo ya durƙusa a tsakiyar titi, a gaban waya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne ƙaninsa. Ya iso. Mun gode, mun gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri. Allah ya ƙara arziki."

Mutanen da ke wajen suka ce amin. Ni ma na ji bakina ya faɗa.